Bit 16 da bit 24 a waƙa ɗaya: inda haɗarin yake da inda babu shi

Da wuya a yau ka buɗe aikin waƙa a kwamfutar situdiyo ka tarar duk fayilolin da ke ciki jinsi ɗaya ne. Gangunan da aka sauke daga intanet mai yiwuwa bit 16 ne. Muryar mawaƙin da aka ɗauka a ɗaki bit 24 ce. Kiɗan da wani makaɗi ya haɗa a manhajar FL Studio ya turo, bit 32 ne na fulot, wani tsarin rubuta lamba da za mu zo kansa. Ga kuma amshin da wata ta rera a waya ta aiko ta WhatsApp. Mai haɗa sauti yana ganin wannan gauraye sai hankalinsa ya tashi, ya tsaya mayar da komai jinsi ɗaya kafin ya taɓa feda, wato abin da ake ja a ɗaga sauti ko a sauke shi. Wasu su ɗaga duka zuwa 24. Wasu kuma su sauke duka zuwa 16, wai don kada manhaja ta rikice.

Na farkon ya ɓata lokacinsa da wurin ajiyarsa ne kawai. Na biyun shi ne ya yi ɓarna, domin da hannunsa ya zubar da abin da ya sha wahalar ɗauka. Manhajar haɗa sauti ta wannan zamani ba ta rikicewa don an tara mata fayiloli masu zurfin bit daban-daban. Haɗarin gaske yana ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma can ne aka fi yin sakaci.

Kwamfuta ba ta ajiye sauti yadda kunne yake jin sa. Auna shi take yi, sau dubbai a kowane sakan, tana rubuta kowane awo da lamba. Tambayoyi biyu ne ke nan: sau nawa ake awon a sakan, kuma da wace irin lamba ake rubuta shi? Ta farko ita ce saurin awo, wato 44,100 ko 48,000 da kake gani a saitin aiki. Ta biyu ita ce zurfin bit. Da bit 16, kowane awo dole ya faɗa kan ɗaya daga cikin matakai 65,536. Da bit 24 matakan sun kai 16,777,216. Sautin da ya fito daga makirfo ba ya faɗawa daidai kan mataki, don haka sai an ɗan matsar da shi zuwa matakin da ya fi kusa. Wannan ɗan matsarwar kuskure ne, kuma tarin kuskuren shi ne yake zama wani siririn shuu a ƙarƙashin sautin.

A nan mutane da yawa suke ɗaukar abin a baibai. Suna zaton bit 24 yana ƙara wa murya zaƙi, ko kauri, ko ya sa ganga ta fi duka. Ba ya yin ko ɗaya. Abin da zurfin bit yake yi shi ne nisanta wancan shuu daga sautin. Kowane bit ɗaya yana tura shi ƙasa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Bit 16 na ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin mafi ƙarfin sautin da fayil zai iya ɗauka da shuu ɗin da ke ƙasa, bit 24 kuma kusan 144. Kuma 96 ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne ma'aunin da kamfanonin Philips da Sony suka tsayar wa faifan CD a 1980, tare da saurin awo na 44,100, kuma da shi duniya ta yi shekaru tana sauraron kiɗa. Shi kuwa 144 a takarda yake: na'urorin da ke mayar da sauti lamba, ko masu tsadar, lantarkin cikinsu yana da nasa shuu, yawanci ba sa wuce desibel 120 da 'yan kai. A ɗakin da fanka ke juyawa, janareta na ruri a bayan katanga, ƙarar ɗakin kanta ta fi shuu ɗin bit 16 ƙarfi nesa ba kusa ba.

To me ke faruwa idan ka jefa fayil mai bit 16 cikin aikin da aka saita a 24? Ɗauki kuɗi. Wanda ya rubuta naira 50 a littafi mai layin naira kaɗai, da wanda ya rubuta 50.00 a littafi mai layin kwabo, kuɗinsu ɗaya ne; na biyun bai ƙaru da komai ba, bai kuma rasa komai ba. Haka abin yake. Awon da darajarsa 12,345 ce a bit 16, idan aka kai shi bit 24 ninka shi ake yi sau 256 ya zama 3,160,320, wato an jera masa sifili takwas a wutsiya a lissafin kwamfuta. Sautin bai motsa ba ko da ƙwayar zarra. Amfanin layin kwabo sai an zo rabo yake bayyana. Ka sauke feda har ƙarfin sautin ya koma rabi, 12,345 ta zama 6,172.5, lambar da bit 16 ba shi da wurin rubuta ta. Littafin da ba shi da layin kwabo dole ya yar da rabin nan. Yi haka sau ɗaya, ba wanda zai lura. Yi shi a kowane lissafi, sau ɗari, sai lissafin ya fara karkacewa.

Shi ya sa manhajojin ba sa yin lissafinsu a bit 16, ba sa ma yin sa a 24. Da zarar ka danna kunnawa, kowane fayil ana karanta shi daga ma'ajiya a mayar da shi lambar fulot kafin ya isa feda ko fulogin na farko, wato 'yar manhajar da ake ɗorawa a kan sauti don sarrafa shi. FL Studio da Audacity suna aiki da fulot mai bit 32. Reaper yana haɗa sautukansa da fulot mai bit 64, Cubase ma ya ba da wannan zaɓin tun daga fitowa ta 9.5. Fayil ɗin da ke kan ma'ajiya yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. A cikin injin manhajar kuwa, da gangar bit 16 da muryar bit 24 duk sun koma jinsi ɗaya tun kafin su haɗu. Aikin da kake zaune kana yi da hannu, manhajar ta riga ta yi shi, kuma ta yi shi ba tare da asarar ko awo ɗaya ba.

Fulot ɗin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi ne ƙashin bayan zancen. Tsari ne na rubuta lamba da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta tsayar a 1985, ba ma don sauti ba, don lissafin kwamfuta gaba ɗaya. Ana raba bit 32 ɗin gida uku: ɗaya ya nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, 23 su riƙe alƙaluman lambar, 8 kuma su faɗi inda ɗigon lambar zai zauna. Saboda wata dabara ta tsarin, alƙaluman nan 23 suna aikin 24. Abu biyu ne suka fito daga nan. Na ɗaya, duk wani awo na bit 24 yana shiga fulot mai bit 32 cif-cif, balle na 16. Na biyu, tunda ɗigon yana tafiya tare da girman lambar, ingancin awon ba ya raguwa don sauti ya yi ƙasa sosai, kuma ba ya fashewa don ya haura sifilin mita, wato iyakar ƙarfin da fayil mai bit 16 ko 24 zai iya ɗauka. Tazarar da tsarin zai iya ɗauka a lissafi ta haura desibel 1,500. Ka sauke murya da desibel 100 a wata tasha, ka sake ɗaga ta da 100 a ta gaba, za ta dawo maka lafiya lau. Gwada haka a fayil mai bit 16, abin da zai dawo ba murya ba ce.

Wanda yake shakka ba sai ya yarda da maganar kowa ba, gwajin minti biyu ne. Ɗauki fayil mai bit 16, ka fitar da kwafinsa a bit 24 ba tare da ka taɓa komai ba, saurin awon ma ka bar shi yadda yake. Jera su biyun a layi biyu, farkonsu daidai da juna, ka juya fuskar igiyar ɗaya da maɓallin nan mai alamar da'ira da aka ratsa da layi. Kunna. Za ka ji shiru, mitar ma ba za ta motsa ba, domin kowane awo ya ci karo da kishiyarsa sun kashe juna. Da akwai bambanci komai ƙanƙantarsa, da shi ne zai rage.

Tsoron nan dai yana da asali, ba haka kawai ya faɗo ba. A da, Pro Tools yana tsayar da kowane aiki a kan zurfin bit guda, duk fayil ɗin da ya saɓa sai an canza shi kafin ya shiga. Sai a fitowa ta 10, a 2011, aka ba da damar gauraya su a aiki ɗaya. Waɗanda kuma suka koyi aiki da Cool Edit Pro, wanda Adobe ya saya a 2003 ya mayar Audition, sun san yadda ake buɗe fayil mai bit 16 a gyara shi kai tsaye: a ɗaga murya a ajiye, a sa amsa-kuwwa a ajiye, a rage ƙara a ajiye. Kowane mataki yana komawa bit 16, kowane mataki yana yar da nasa guntun. A wancan yanayi taka-tsantsan ɗin daidai ne. Waɗanda suka koya a hannunsu sun gaji dokar, amma kayan aikin da suka haifar da ita sun canza.

Yanzu ƙofar shiga. Abin da ya sa ake ɗaukar murya a bit 24 shi ne sarari. Mawaƙi ba inji ba ne. Yana cikin rera baiti a hankali sai ya ɗaga murya ba zato. Mai ɗauka mai hankali yana barin tazara, ya saita makirfo yadda ƙololuwar sautin za ta tsaya wajen desibel 18 ko 12 ƙasa da sifili. A bit 16, barin desibel 18 na nufin ka ajiye bit uku ba ka yi amfani da su ba, saura 13, tazararka ta koma wajen desibel 78. Daga baya kuma za ka ɗora kwamfuresa mai rage tazarar da ke tsakanin ƙarfin murya da rauninta, ka ɗaga muryar, ka ƙara mata haske a sama, duk waɗannan suna ɗago shuu ɗin tare da ita. A bit 24 kuwa, ko ka bar wannan tazara kana da saura 21, fiye da abin da katin sautinka zai iya bayarwa. Don haka babu dalilin matsa sauti har mita ta riƙa leƙa ja a lokacin ɗauka. Wannan ɗabi'a ta zamanin kaset ce da farkon zamanin bit 16, kuma ta lalata muryoyi masu kyau fiye da yadda shuu ya taɓa lalatawa.

Akwai wani ruɗani da ya shigo kwanan nan. Mutum ya ji an ce fulot ba ya fashewa, sai ya saita manhajarsa ta ɗauka a bit 32 fulot, ya saki jiki. Amma katin sautin da ke kan teburinsa bit 24 yake fitarwa, kuma idan sauti ya fi ƙarfin na'urar da ke cikin katin, a nan yake fashewa tun kafin ya isa kwamfuta. Manhajar za ta karɓi fasasshen sauti ta adana shi a fulot da aminci. Na'urorin da suke cin moriyar fulot tun daga ɗauka, irin Zoom F6 da jerin MixPre II na Sound Devices da suka fito a 2019, an gina su ne da na'urar awo fiye da ɗaya a kowace mashiga, wata tana kula da sauti mai rauni wata da mai ƙarfi, sannan a haɗa sakamakon. Ga mai ɗaukar sauti a wurin shirin fim ko a taron biki, inda ba a maimaita abu, wannan babbar gata ce. Amma daga na'urar take zuwa.

Fayil ɗin WhatsApp da MP3 kuwa maganarsu daban ce, kuma a ganina sun fi kowane bambancin bit yin illa a ayyukanmu. MP3 ba shi da tsayayyen zurfin bit irin na WAV. An matse shi ne ta hanyar zubar da sassan sautin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da su ba, haka ma saƙon murya na WhatsApp da ake matsewa da tsarin Opus. Manhaja za ta buɗe su ta mayar da su fulot kamar kowa, amma abin da aka zubar ya tafi. Mayar da MP3 zuwa WAV mai bit 24 ƙara masa nauyi ne kawai. Idan dole sai ta WhatsApp za a turo murya, a ɗauke ta a WAV, a tura ta a matsayin takarda, ta haka za ta iso yadda aka ɗauke ta. Ina ganin mai haɗa sautin da ke damuwa da ganga mai bit 16 alhali babbar muryar waƙarsa daga saƙon murya ta fito, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kada kuma a raina sauti don bit ɗinsa kaɗan ne. Na'urorin SP-1200 na E-mu da MPC60 na Akai, waɗanda suka fito a ƙarshen shekarun 1980, bit 12 suke aiki da shi, kuma a kansu aka gina kiɗan hip-hop mai yawa a Amurka. Har yau makaɗa na neman wannan kaushin, ana ma sayar da fulogin da aikinsa kawai ya kwaikwaye shi. Ganga mai ƙarfi da aka ɗauka da kyau a bit 16 ba ta da abin jin kunya a gaban kowace murya.

Ƙofar fita ita ce inda ake komawa littafin da ba shi da layin kwabo, kuma nan ne ya kamata a natsu. Duk aikin da ka yi, fulot ne a cikin injin. Ranar da za ka fitar da shi a bit 16, dole a yanke wutsiyar kowace lamba. Idan aka yanke ta kai tsaye, kuskuren da ke fitowa ba ya zama shuu mai laushi. Yana bin sautin sau da ƙafa, ya zama wani ƙazamin kaushi. A tsakiyar waƙa, inda ganguna ke duka, ba za ka ji shi ba. Inda yake fitowa shi ne wurin da sauti ke mutuwa a hankali: wutsiyar amsa-kuwwa, ƙarshen waƙar da ake janyewa, sautin fiyano na ƙarshe da aka bari ya ɓace da kansa. Maimakon ya narke, sai ya riƙa tsinkewa yana ƙiris-ƙiris.

Maganin abin mamaki ne ga wanda ya fara jin sa: ana zuba wani shuu ɗan mitsitsi da gangan kafin a yanke. Shi ake kira dita. Wannan shuu yana girgiza lambobin yadda kuskuren ba zai ƙara bin sautin ba, sai ya baje ya zama siririn iska mara canzawa, wanda kunne ke mantawa da shi. Har sautin da ya fi mataki ɗaya ƙanƙanta yana iya tsira a cikinsa a ji shi. Stanley Lipshitz da John Vanderkooy na Jami'ar Waterloo a Kanada suna cikin waɗanda suka yi bayanin lissafin wannan dalla-dalla a shekarun 1980. Idan kana son ji da kunnenka, ɗauki sautin fiyano guda, ka sauke shi da desibel 70 ko 80, ka fitar da shi a bit 16 sau biyu, ɗaya da dita ɗaya babu. Dawo da su, ka ɗaga su yadda za a ji, ka sa abin sauraro a kunne. Na farkon fiyano ne a cikin iska. Na biyun yana ƙarewa da kaushi kafin ya yanke kwatsam.

Dita sau ɗaya ake sa shi, a mataki na ƙarshe, bayan limita mai hana sauti haura sifili, lokacin da ake sauka zuwa 16. A tagar fitarwa ta FL Studio za ka ga zaɓi uku na WAV, 16 da 24 da 32 fulot, da wurin kunna dita a gefe. Na 16 ne yake buƙatarsa. Fitarwa a fulot ba ta buƙatar dita sam. A bit 24 ana iya sawa, ana iya bari, domin abin da ake gyarawa yana can ƙasa da inda kowace lasifika za ta kai. Abin da bai kamata ba shi ne sauka zuwa 16 a tsakiyar tafiya: makaɗi ya fitar da kiɗa a 16 ya ba mai ɗaukar murya, shi ma ya fitar a 16 ya ba mai miksin, shi ma haka zuwa mai mastarin, wato mai gyaran ƙarshe. Duk abin da zai sake shiga hannun wani don a ci gaba da aiki a kansa, a ba shi a 24 ko a fulot. Nauyin ba wani abin tsoro ba ne: minti ɗaya na sitiriyo a saurin 44,100 yana cin kusan megabait 10.6 a bit 16, 15.9 a bit 24, 21.2 a fulot.

Fulot ya fi 24 da abu ɗaya a wannan miƙa hannun. Idan babbar tashar fita ta haura sifili ba ka lura ba, fayil ɗin fulot yana adana abin da ya haura, wanda ya karɓa sai ya sauke feda kawai sautin ya dawo cikakke. A 24 ko 16 an riga an aske kan igiyar, ba ya dawowa. Wannan ba izinin barin komai a ja ba ne, domin katin sautin da kake sauraro da shi yana fashewa a sifili, kuma fulogin masu kwaikwayon tsofaffin na'urori an tsara su ne su canza hali idan aka tura musu sauti da ƙarfi.

Wani lokaci mutum zai rantse cewa ya gauraya fayiloli kuma waƙarsa ta lalace: murya ta yi kauri tana jan ƙafa, ko ta siranta tana gudu, ta ƙi hawa kan kiɗa. Gaskiya ya faɗa, amma ba zurfin bit ba ne ya yi masa haka, saurin awo ne. Fayil ɗin da aka ɗauka a 48,000 idan aka karanta shi a 44,100 ba tare da an canza shi ba, zai rage gudu da kusan kashi 8 cikin ɗari, muryar kuma ta sauka da kusan mataki ɗaya da rabi a maɓallan fiyano. FL Studio da Ableton Live da Reaper suna daidaita wannan da kansu yayin kunnawa. Cubase da Pro Tools kuwa suna son a canza fayil ɗin a lokacin shigar da shi, kuma wanda ya tsallake tambayar zai ji sakamakon nan take. Canza saurin awo, saɓanin ƙara zurfin bit, sabon lissafi ne na kowane awo, don haka gara a yi shi sau ɗaya da kayan aiki mai kyau. Wannan ya shafi masu yi wa finafinan Kannywood waƙa kai tsaye, domin aikin bidiyo a 48,000 yake tafiya, yawancin makaɗa kuma manhajarsu a 44,100 take buɗewa. Waƙar da aka san za a sa a fim, a tambayi mai tace hoto tun kafin a ɗauki baitin farko, a buɗe aikin a 48,000 da bit 24, a kuma miƙa masa WAV a haka.